Kowa da Takensa: Sharhi a Kan Kiɗan Fim Ɗin Once Upon a Time in the West

Gabatarwa

Sau da yawa idan ana sharhin fim akan tsaya ne a kan jigo da zubin labari da yadda 'yan wasa suka taka rawarsu. Kiɗan da ke tafe tare da hoto kuwa sai a bar shi a baya, a ɗauke shi tamkar yajin da aka barbaɗa bayan an sauke tukunya. Manufar wannan sharhi ita ce a duba wani fim da aka aza harsashinsa a kan kiɗa tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, a ga abin da wannan dabara ta haifar na kyau, da kuma inda ta gaza. Fim ɗin shi ne Once Upon a Time in the West, na kaboyi, wanda ya fito a Italiya cikin watan Disamba na 1968. Sergio Leone (1929-1989) ne ya ba da umarni, Ennio Morricone (1928-2020) ya tsara kiɗan. Sunan fim ɗin da harshen Italiya an ɗauko shi ne daga kalmomin da suke buɗe tatsuniya da su, wato kwatankwacin namu "ga ta nan ga ta nanku". Tun daga suna ke nan an shaida wa mai kallo cewa labarin wani zamani ne da ya shuɗe.

Labarin a Taƙaice

Wani manomi mai suna Makben ya mallaki wani fili a hamadar yammacin Amurka, inda nan ne kaɗai ake samun ruwa a yankin. Ya san dole layin dogo ya bi ta nan, domin jiragen ƙasa na lokacin ba sa tafiya sai da ruwa. Attajirin da ke shimfiɗa layin, Moton, ya tura ɗan ta'addansa Firank (Henry Fonda) ya tsorata shi, shi kuwa sai ya kashe shi da 'ya'yansa uku. A ranar ce amaryarsa Jil (Claudia Cardinale) ta iso, ta tarar da gawarwaki, ta kuma gaji filin. Mutum biyu suka tsaya mata: wani ɗan fashi mai suna Shayen (Jason Robards) wanda aka laƙa wa laifin kisan, da wani baƙo marar suna (Charles Bronson) da ke yawo da harmonika a wuya, wato 'yar ƙaramar abar busan nan da ake gogawa a leɓe. Shi wannan baƙo Firank yake nema, kuma ba mu san dalili ba sai a ƙarshe.

Yadda Aka Shirya Kiɗan

Domin a gane abin da mutanen nan biyu suka yi, ya kamata a fara sanin yadda aka saba. A yawancin masana'antun fim na Turai da Amurka, sai an gama ɗaukar hoto an tace shi sannan a kira mai kiɗa. Shi da darakta su zauna su kalli fim ɗin fitowa bayan fitowa, su yanke shawarar inda kiɗa zai shiga da inda zai fita, a auna tsawon kowane wuri da daƙiƙa. Mai kiɗa ya je ya rubuta abin da zai cike wannan awo daidai, sannan a tara makaɗa a situdiyo su kaɗa ana haska musu hoton a bango. A wannan tsari hoto ne ubangida, kiɗa bara ne. Sau da yawa ma masu tacewa kan ɗora kiɗan aro na wucin gadi kafin na ainihi ya samu, har darakta ya saba da shi ya kasa rabuwa. A shekarar nan ta 1968 haka ta faru ga Alex North, wanda ya tsara wa Stanley Kubrick kiɗan 2001: A Space Odyssey, amma Kubrick ya ajiye aikinsa gefe ya bar kiɗan aron.

Leone da Morricone, waɗanda suka yi aji ɗaya a makarantar firamare a birnin Rum, sun juya wannan tsari. Morricone ya rubuta manyan kaɗe-kaɗen fim ɗin aka naɗe su tun kafin a fara ɗauka, sannan aka riƙa sa su a filin ɗaukar hoto 'yan wasa suna ji, mai kyamara yana ji. Abin da ya sawwaƙe haka shi ne al'adar masu fim na Italiya a wancan zamani, ta ƙin naɗar sauti a fili. Murya da sawu da ƙarar bindiga duk a situdiyo ake ɗora su daga baya, saboda haka babu abin da kiɗan zai ɓata. Masu kallon finafinan Indiya ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin su ma waƙoƙinsu kafin ɗauka ake naɗa. Bambancin shi ne, a Indiya waƙoƙin rawa ake yi wa haka, kiɗan da ke bin labari kuwa daga baya ake yin sa. Leone shi kiɗan labarin ne da kansa ya gabatar. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma haka aka yi: tafiyar 'yan wasa da juyin kyamara da tsawon kowace fitowa duk suka koma bin kiɗa.

Shirun Farko

Abin mamaki, fim ɗin da ya yi suna saboda kiɗa ya buɗe ne ba tare da kiɗa ba. Fiye da minti 10 muna zaune da wasu 'yan bindiga uku a wata tashar jirgin ƙasa da ke tsakiyar daji, suna jiran jirgi. Ba abin da ake ji sai kukan famfon iska da ya yi tsatsa, da ƙarar na'urar tangaraho har ɗayansu ya gaji ya tsinke wayarta, da ɗigon ruwa a kan malafar na biyu, da ƙuda da ya addabi fuskar na farkon har ya kama shi a bakin bindiga, da na uku yana ƙwasƙwasa yatsu. Waɗannan sautuka an jera su an auna su kamar yadda ake jera kiɗa, wannan ya shiga, wancan ya fita, famfon yana riƙe da amo kamar ɗan kanzagi a bayan manyan ganguna.

Amfanin wannan shiru shi ne ya wanke kunnen mai kallo. Lokacin da jirgin ya zo ya tashi, 'yan bindigar suka juya za su tafi, sai aka ji busar harmonika daga ƙetaren layi. Da a ce an cika mana kunne da kiɗa tun farko, wannan busa ba za ta fi ta kowa ba. Amma da yake ita ce sautin kiɗa na farko a fim ɗin, sai ta shige zuciya ta zauna. An ce gani ya kori ji, to a nan ji ne ya riga gani, domin mun ji mutumin kafin mu gan shi.

Kowa da Takensa

Bahaushe ya san take. Sarki yana da nasa, ɗan dambe yana da nasa, ɗan tauri da manomi da mahauci kowa da nasa, kuma da an kaɗa ba sai an ambaci suna ba. Turawa ma suna da irin wannan a wasanninsu na waƙa, musamman tun zamanin Richard Wagner na Jamus a ƙarni na 19. A kan wannan dabara Morricone ya gina aikinsa, ya ba kowane babban tauraro take.

Taken Jil muryar mace ce zalla ba tare da kalma ba, ta mawaƙiya Edda Dell'Orso, gogayen Turawa suna dafa mata. Wurin da ya fi fitowa shi ne saukarta a tashar garin Flagstone. Ta duba ba wanda ya zo tarbarta, ta dubi agogo, ta shiga ofishin tasha. Kyamara ta tsaya a waje tana hango ta ta taga, sannan ta ɗaga sama sannu a hankali har ta haye rufin, sai ga gari sabo fil ana kan gina shi, a daidai lokacin da kiɗan ya kai ƙololuwarsa. Wannan daidaito ya samu ne saboda kiɗan yana nan tun kafin a ɗaga kyamarar.

Taken Shayen na banjo ne, mai amo kamar na gurmi, da fito na Alessandro Alessandroni, da wani bugu kamar takun gajiyayyen doki. Akwai barkwanci a cikinsa, kuma shi ne ya fara shaida mana cewa wannan ɗan fashi ba mugu ba ne, tun muna ganin sa da ankwa a hannu. Taken yana da wata ɗabi'a ta katsewa ya yi shiru kaɗan sannan ya ci gaba. Mai kallo yakan ɗauki wannan a matsayin wasa, sai a ƙarshe, lokacin da Shayen ya sauka daga doki da harsashi a ciki ya mutu, sannan mu gane cewa katsewar nan tana da wata ma'ana tun farko.

Moton kuwa, attajirin da ciwon ƙashi ya nakasa, ba shi da buri sai ya ga layinsa ya isa tekun Pasifik. A taragonsa akwai zanen teku, kuma takensa ɗan siririn kiɗa ne mai tafe da ƙugin igiyar ruwa. Da ajali ya zo masa, sai ga shi yana jan ciki zuwa wani ɗan kududdufi na taɓo, mu kuwa muna jin teku. Babu wanda ya yi jawabi a kan ƙarshen kwaɗayi, kunne ya ji abu ɗaya, ido ya ga wani, mai kallo ya haɗa da kansa.

Take Ɗaya, Mutum Biyu

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne taken Firank da na mai harmonika. A gonar Makben, kafin harbi, ƙwarin daji da ke ta kuka sukan ɗauke wuf, su dawo, su sake ɗaukewa. Bayan an kashe uban da 'ya'ya biyu, ƙaramin yaron ya fito da gudu ya tsaya. A nan wata jita mai aiki da lantarki ta tsage da amo mai kaushi, mutane suka fito daga cikin ƙura, kyamara ta zagayo ta nuna fuskar Henry Fonda, mutumin da Amurkawa suka saba gani yana fitowa a mutumin kirki. To amma wanda ya kasa kunne zai ji cewa a cikin wannan kiɗa na Firank akwai busar harmonikar nan da muka ji a tasha, alhali mai ita ba ya wurin. Wato tun a farkon fim kiɗa ya riga ya faɗa mana cewa mutanen nan biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su, labari ne kawai bai iso wurin ba tukuna.

Ita kanta busar, wadda Franco De Gemini ya yi, ba ta da daɗin ji. 'Yan sautuka ne kaɗan masu karo da juna, ana jan su kamar numfashin wanda aka shaƙe. Mai kallo zai yi ta tambayar kansa dalilin da ya sa mutum zai riƙa yawo da abin busa bai iya waƙa ko ɗaya ba. Amsar tana cikin karon ƙarshe. Ta hanyar waiwaye aka nuna mana Firank yana saurayi, ya rataye wani mutum a wata ƙofar dutse, ya tsayar da shi a kan kafaɗun ƙanensa, sannan ya cusa harmonika a bakin yaron. Yaron yana haki, hakin yana fita ta cikin harmonikar, har ya faɗi, wan ya mutu. Ashe abin da muke ji tun daga tasha hakin wannan yaro ne. Da ya harbe Firank, Firank ya tambaye shi ko shi wane ne, bai ce uffan ba, sai ya cire harmonikar ya sa masa a baki. Numfashinsa na ƙarshe ya fitar da sautin, ya kuma gane.

A nan kiɗa ya tashi daga matsayin rakiya ya zama shi ne ƙullin labari da warwararsa. In aka cire busar, babu sauran abin da ya haɗa farkon fim ɗin da ƙarshensa.

Inda Aikin Ya Gaza

Duk da haka, sharhi ba ya cika sai an faɗi naƙasu. Na farko shi ne jan lokaci. Da yake kiɗa ne ke gaba, fitowa ba ta ƙarewa sai kiɗanta ya ƙare, har fim ɗin ya kai kusan minti 165. A wuraren da aka ambata wannan jinkiri yana da riba. Amma a tsakiyar fim, wajen gwanjon filin da kai-komon da ke kewaye da shi, labarin ya yi sako-sako, kuma kiɗan ba ya iya ɗinke abin da rubutu ya bari a yage. Kamfanin Paramount ya yanke kusan minti 20 lokacin da aka nuna shi a Amurka a 1969, har da mutuwar Shayen, sai gyaran ya zama ɓarna, domin an bar take ba tare da ƙarshensa ba. Fim ɗin bai yi kasuwa a can ba, alhali a Faransa an sayar da tikiti sama da miliyan 14.

Na biyu ya shafi Jil. Takenta ya ɗaukaka ta tun kafin ta aikata komai. Rubutun kuwa bai ba ta abin yi da yawa ba: maza ne ke yanke shawara a kan filinta da rayuwarta, ita tana tsakiya ana jan ta nan da can. Girman da muke ji tana da shi, mafi yawansa daga muryar Dell'Orso ya fito. Wannan bashi ne da kiɗa ya ci wa labari, labarin kuma bai biya duka ba. Bugu da ƙari, an maimaita taken har ya kusa gundura, kuma ko zuma ce in ta yi yawa takan hau kai.

Na uku shi ne mafi nauyi. A fitowar ƙarshe jirgi ya iso filin Makben, Jil ta fita tana raba wa leburori ruwa, takenta ya tashi da dukkan ƙarfinsa. Kiɗan nan yana sa wa zuwan layin dogo albarka, alhali mun ga jinin da aka zubar kafin ya iso. Ana iya cewa akwai baƙin ciki a cikin muryar, kuma gaskiya ne akwai. To amma baƙin cikin na rabuwa da zamanin jarumai ne irin su Shayen. Leburorin da suka shimfiɗa ƙarfen, da mutanen asali na ƙasar waɗanda aka ratsa ƙasarsu, ana ganin wucewarsu a hoto amma babu wanda aka yi wa take. A fim ɗin da take shi ne shaidar cewa mutum mutum ne, wanda ba a kaɗa masa ba ya zama kamar dutse ko itace a bayan fage. Kiɗa mai daɗi yana iya sa mai kallo ya amince da abin da hankalinsa bai auna ba, kuma wajibin mai nazari ne ya lura da haka.

Tasirinsa

Masu kallo a ƙasar Hausa da dama sun sha ruwan wannan fim ba tare da sun san rijiyar ba, ta hanyar Sholay na Ramesh Sippy (1975), wanda R. D. Burman ya yi wa kiɗa. Fitowar da Gabbar Singh ya hallaka iyalin Thakur ta bi sawun kisan gidan Makben: shiru, da kukan lilo, da ƙaramin yaro da ya rage, da harbin da ya narke cikin ƙarar jirgin ƙasa. Can ma akwai harmonika a hannun Jai, sai dai an sauya mata aiki, ta zama muryar soyayyar da ba a iya furtawa tsakaninsa da Radha. Wannan misali ne na aro mai kyau, inda aka karɓi kayan aiki aka ba shi sabuwar ma'ana. Shi kuwa Morricone sai a 2007 aka ba shi lambar Oska ta girmamawa, sannan ya ci ta gasa a 2016 da kiɗan The Hateful Eight.

Darasi ga Marubuci

Mai karatu zai iya cewa shi alƙalami yake riƙe da shi, ina ruwansa da kiɗa? Ruwansa kuwa da yawa. Da farko, kowane tauraro a littafi yana bukatar takensa, wato wata kalma ko ɗabi'a ko wani abin hannu da za a gane shi da shi ko ba a ambaci sunansa ba. Na biyu, abin da za a warware labari da shi a babi na ƙarshe a dasa shi tun babi na farko, a bar mai karatu ya yi ta ganin sa bai san nauyinsa ba. Da yawa daga littattafanmu sukan jawo wata wasiƙa ko wani baƙo daga sama a shafukan ƙarshe domin a kashe wutar rikici, mai karatu kuwa yana gane an yi masa wayo. Na uku, shiru ma magana ce. Ba kowane baƙin ciki ne sai tauraro ya yi jawabin shafi biyu a kansa ba. Na huɗu, kada daɗin lafazi ya ɗauki nauyin da ya kamata aiki ya ɗauka. In ana so mu girmama tauraruwa, a ba ta abin da za ta aikata, kirari kaɗai ba ya isa.

Ga masu rubuta wasan kwaikwayo da masu shirya finafinanmu kuwa, darasin a fili yake. A kira mai kiɗa tun labari yana kan takarda, a ba shi ya karanta, a zauna da shi a tantance wane ne ke da take, a ina za a fara jin sa, a ina kuma za a yi shiru. Wannan ba ya bukatar makaɗa ɗari. Sautin da ya riƙe fim ɗin nan gaba ɗaya daga abin da ke shiga aljihu ya fito, kuma sarewa ko kukuma ko gurmi za su iya irin wannan aiki in an ba su gurbi a cikin labari.

Kammalawa

A taƙaice, kiɗan Once Upon a Time in the West aiki ne da ya cancanci sunan da ya yi, domin ya ɗauki nauyin labari a wuraren da baki ya yi shiru. Ƙarfin nan nasa kuma shi ne ya rufe raunin rubutun a wasu wurare, ya kuma zaɓar mana waɗanda za mu tausaya wa. Shawara ga duk mai sha'awar rubutu ita ce ya nemi cikakken fim ɗin, wanda ba a yanke ba, ya kalle shi sau biyu. A karo na biyu ya riƙe takarda da alƙalami, ya riƙa rubuta inda kowane take ya shiga da inda ya fita, da abin da ke faruwa a lokacin. Daga nan ya koma kan nasa rubutun ya duba wa ya ba take, wa kuma ya hana. Allah Ya sa mu dace.